Dokar jiragen Sinawa ta 1855: ceton rai ce ko lasisin cinikin mutane?

Baban Nusaiba:
Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu tattauna, kuma zan faɗi matsayina tun farko. A watan Agustan 1855 majalisar dokokin Ingila ta zartar da doka kan jiragen ruwa masu ɗibar Sinawa zuwa ƙasashen waje. Dokar ta hau kan duk jirgin da ya tashi daga Hong Kong, ko tutar wace ƙasa yake ɗauke da ita, da duk jirgin Ingila da ya tashi daga gaɓar ƙasar Sin, muddin ya ɗauki fasinja 'yan Asiya fiye da 20 kuma tafiyar za ta wuce kwana 7. Ana yawan kawo ta a matsayin shaidar cewa Turawan mulkin mallaka sun ji tausayin talakan Sin. Ni ban yarda ba. Cewa nake dokar ba ta hana cinikin mutane ba, hatimi ta buga masa. Tsakanin 1847 da 1874 Sinawa kusan 141,000 aka loda zuwa Kyuba, kusan 125,000 ne suka sauka da rai. Wato mutum wajen 16,000 teku ta ci a hanya ɗaya kacal, ban da wasu kusan 100,000 da aka nufi Peru da su. Kuma mafi yawan wannan jigila bayan an kafa dokar aka yi ta. Wanda ke ganin ta yi amfani, bismillah, ya nuna mana inda amfanin yake.

Barista:
Wa alaikumus salam. Baban Nusaiba, alƙalumanka daidai ne, amma ka ɗora wa dokar alhakin jiragen da hannunta bai kai gare su ba. Yawancin waɗanda aka kai Kyuba da Peru daga Makau aka ɗebe su. Makau, wata tasha a gaɓar kudancin Sin, a lokacin a hannun Fotugal take, jiragen kuma na Faransa ne da Sifen da Peru da Fotugal da Amurka. Majalisar Landan ba ta da hurumin yi wa jirgin Faransa doka a tashar Fotugal.

Sannan a dubi yadda abin yake kafin dokar. A Amoy, garin da yau ake kira Xiamen, manyan dillalan mutane kamfanonin 'yan Ingila ne guda biyu, na James Tait da na Syme da Muir. Tait ɗin kuma shi ne ƙaramin jakadan Sifen a garin, wato shi ke tara mutanen, shi ke sa hannu cewa an tara su bisa ƙa'ida. John Bowring, wanda daga baya ya zama gwamnan Hong Kong, ya rubuta wa Landan a 1852 cewa ya ga ɗaruruwan mutane a tsare, tsirara, an shafa wa kowanne harafi a ƙirji gwargwadon inda za a kai shi: C na Kalifoniya, P na Peru, S na tsibiran Sandwich, wato Hawai. A Nuwamban shekarar mutanen gari suka yi bore, sojojin ruwan Ingila suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Syme kuwa, wanda shi ya je ya ƙwato dillalinsa daga hannun hukumar Sin har rikicin ya tashi, tarar dala 200 aka ci shi. Haka abin yake lokacin da babu doka.

Dokar ta zo ta ce jirgi ba zai tashi ba sai jami'i ya hau ya duba ya ba da takarda. Kyaftin zai sa hannu kan lamunin fam 1,000. Kowane baligi yana da wurin kwana ƙafa 12 murabba'i. A tafi da likita da tafinta da akwatin magani. An yanka awon shinkafa da nama ko kifi mai gishiri da ruwa da itacen girki da shayi. Kuma a tabbatar fasinja ya san inda za shi da abin da ya sa wa hannu. Wannan ne ya sa masu mugun ciniki suka kwashe kayansu daga Hong Kong.

Kyaftin:
Barista, ki ba ni dama in tsaya kan ƙafa 12 ɗin nan, don a takarda tana da daɗin ji. Ni aikin jirgin ruwa na yi har na ajiye, na san abin da ake nufi da ɗakin ƙasan jirgi. Ƙafa 12 murabba'i tsawon ƙafa 6 ne da faɗin ƙafa 2. Faɗin sallaya ke nan. Nan mutum zai kwana, nan zai ci, nan zai yi jinya idan ciwo ya kama shi, kafaɗarsa na gogar ta maƙwabcinsa. Ba kuma kwana ɗaya ba. Jirgin iska daga kudancin Sin zuwa Habana, babban birnin Kyuba, sai ya gangara ta mashigin Sunda, ya ratsa Tekun Indiya, ya zagaya ƙarshen Afirka ta kudu, ya tsaya shan ruwa a Sent Helena, sannan ya haura Atilantika. Wata huɗu zuwa biyar, wani lokaci fiye. A hanya a ratsa yankin zafi sau biyu, a tsakani a shiga sanyin kudu da tufafin da ba na sanyi ba. Idan hadari ya taso ana rufe bakin ramin ruf don kada ruwa ya shiga, iska ta yanke. Atini ya kama mutum goma, kafin mako ya zagayo ya kama ɗari, don bokitin bahaya da tulun ruwan sha duk a ɗaki ɗaya suke.

A wannan shekara ta 1855 ɗin dai Ingila ta yi wa jiragen da ke ɗibar nata mutanen zuwa Amurka da Ostireliya doka. Su an ba su ƙafa 15 a ɗakin sama, ƙafa 18 a na ƙasa. Majalisa ɗaya, shekara ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake shirya jiragen Kyuba da Peru. Ana sa ragar ƙarfe a bakin rami, a gina shinge mai ƙarfi tsakanin fasinja da ɓangaren kyaftin, a girke igwa a bayan shingen bakinta na kallon cikin jirgin. Jirgin fasinja ba ya juya bakin igwa ga fasinjansa. Duk matuƙin da ya ga wannan shiri ya san irin jirgin da ya hau.

Baban Nusaiba:
Allah ya saka da alheri, Kyaftin. Barista ta ce hannun dokar bai kai Makau ba. To mu dawo inda hannunta ya kai. A 1856, dokar ko shekara ba ta cika ba, jiragen Ingila biyu suka tashi daga Hong Kong ɗin kanta zuwa Habana. John Calvin ya ɗauki mutum kusan 300, Duke of Portland ya ɗauki fiye da 330. Kowannensu ya zubar da gawa fiye da 100. Na John Calvin ya fi ciwo, domin takardar da jami'i ya bayar ta mutum 81 ce kawai, amma jirgin ya tashi da sauran duka. Da aka zo maganar lamunin fam 1,000, sai aka sassauta shi ya koma fam 50. A raba fam 50 ga gawa ɗari da wani abu a gani. Wace Makau za a ɗora wa wannan?

Barista:
Ba zan kare abin da aka yi a John Calvin ba, zalunci ne, kuma sassauta tarar ƙarin zalunci ne. Amma ka lura da dalilin da ya sa ka san adadin 81 ɗin: akwai jami'in da doka ta tilasta wa ya ƙirga, akwai takarda, akwai lamuni, kuma takardun sun kai gaban majalisa a Landan har aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansu. Karya doka daban, rashin doka daban.

Ka kwatanta da jiragen da ba su bi ta hannun wannan jami'i ba. Waverly, jirgin Amurka, a Oktoban 1855 ya tsaya kusa da Manila bayan kyaftinsa ya mutu. Hatsaniya ta tashi, mataimakin kyaftin ya tura mutane rami ya rufe. Da aka buɗe, fiye da 250 sun shaƙe sun mutu. Flora Temple, shi ma na Amurka, ya tashi daga Makau a 1859 da mutum 850, ya daki dutse a teku, matuƙa suka shiga kwale-kwale suka bar fasinja. Sai 1862 Amurka ta hana jiragenta wannan jigila, shekara 7 bayan dokar Ingila.

Kuma akwai inda tsarin ya yi aiki. Daga 1859 John Gardiner Austin ya buɗe gidan ɗaukar 'yan ƙwadago a Kanton, wani birni a kudancin Sin, don gonakin Gayana ta Ingila. Ba a biyan dillali kuɗin kai, jami'an Sin na zama a wurin tantancewa, ana ba mutum kwanaki ya yi shawara, har ana tafiya da mata da yara. Mace-mace a waɗannan jirage sun yi ƙasa ƙwarai in aka gwada da na Kyuba. Mutumin da ya sauka da rai saboda an ƙirga gangunan ruwa kafin a tashi, ba za ka ce masa dokar banza ce ba.

Malama:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ina ganin kun tsaya a cikin jirgi da yawa. Babbar ɓarnar a tudu take, kafin a hau da bayan an sauka, kuma doka ba ta taɓa ko ɗaya daga ciki ba yadda ya kamata.

Ku ɗauki maganar yarda. Jami'i ya tsaya, tafinta a gefe, an jero mutane ɗari uku, ana tambayar kowanne ko da son ransa zai tafi. Wannan mutum ya yi makonni a kulle a gidan dillali. An riga an gaya masa cewa in ya ce a'a za a mayar da shi gidan a yi masa duka, kuma a bi shi bashin abincin da ya ci. Bai iya karatu ba, wataƙila yarensa ma daban ne da na tafintan. Me kuke zato zai ce? Makau ma ai ta yi nata dokokin tun 1856, da jami'in tantancewa da karanta kwantiragi a bainar jama'a, kuma a ƙarƙashinsu aka yi mafi munin cinikin.

Ba zato nake yi ba. A 1874 gwamnatin Sin ta aika tawaga Kyuba ƙarƙashin Chen Lanbin. Suka shiga gonakin rake da gidajen yari da asibitoci, suka ɗauki bayanin mutum fiye da 1,000 baki da baki, ban da takardun koke masu ɗauke da sa hannun wasu fiye da 1,600. Takwas cikin goma suka ce sace su aka yi ko yaudararsu. Wani an ce masa ga aiki a Makau, wani bashin caca aka ɗaure shi da shi, wani ɗan uwansa ne ya sayar da shi. Kwantiragin shekara 8 ne a kan feso 4 a wata, kuma a Habana ana sayar da takardar ga mai gona, mutum ya bi takardarsa. Suna aiki kafaɗa da kafaɗa da bayi 'yan Afirka, ƙarƙashin bulala ɗaya, don Kyuba ba ta soke bauta ba sai 1886. Na Peru wasu aka kai tsibiran Chincha haƙar kashin tsuntsaye da ake sayar wa Turai a matsayin taki, har sai da aka riƙa sa masu gadi a bakin gaɓa saboda yawan masu faɗawa teku.

Game da Kanton kuwa, Barista, kin bar abu ɗaya. Lokacin da Austin ya buɗe gidansa, birnin na hannun sojojin Ingila da Faransa. Dokar Sin a lokacin ta hana talaka barin ƙasa. An halatta fitar ne a yarjejeniyar Beijin ta 1860, bayan an ƙone fadar bazara ta sarki. Ga kuma abin da ya fi komai nuna inda zuciyar Landan take. A 1866 Yarima Gong, wakilin gwamnatin Sin, ya zauna da jakadun Ingila da Faransa aka tsara ƙa'ida: kwantiragi kada ya wuce shekara 5, kuma in ya ƙare a biya wa mutum kuɗin jirgin komawa gida. Jakadun suka sa hannu. Gwamnatocinsu suka ƙi amincewa, don masu gonakin rake sun ce kuɗin komawar ya yi musu yawa. Wanda ya damu da ran mutum a jirgi amma ya ƙi ya biya masa kuɗin komawa wurin uwarsa, kayansa yake tsaro kada su lalace a hanya.

Alhajin Guwanzu:
Malama, maganarki ta shige ni, amma ina da gyara ɗaya ga zauren gaba ɗaya. Muna magana kamar duk Basinen da ya hau jirgi a wancan ƙarni sace shi aka yi. Ba haka ba ne. Ni harkar kasuwa na kai ni Guwanzu, wato Kanton ɗin da ake ta ambata, kuma abokan cinikina da yawa 'yan Taishan ne da Kaiping. Kusan kowane gida a can yana da kakan da ya tafi Kalifoniya ko Ostireliya ko Singafo. An kai ni ƙauyukan Kaiping na ga dogayen gidaje masu hawa huɗu da biyar a tsakiyar gonar shinkafa, tagoginsu da ƙyauren ƙarfe, an gina su da kuɗin da 'yan ci-rani suka aiko. Masu gidan suna nuna maka hoton kakan a bango da alfahari.

Waɗannan da ƙafarsu suka tafi. Ƙasa ta yi zafi, ga yaƙin Taiping daga 1850 zuwa 1864, ga faɗan 'yan ƙabilar Hakka da mutanen gari a yankin nasu, ga labarin zinariya a ƙetare. Wani danginsa suka haɗa masa kuɗin jirgi, wani ɗan kasuwa ya ranta masa ya biya daga baya. Kuma ta Hong Kong mafi yawansu suka bi. To su dokar ta yi musu rana, don mai jirgi ba ya iya cusa mutum 600 a inda 400 za su shiga, ba ya iya rage ruwa don ya ƙara kaya. A wajen waɗannan ina bayan Barista. A wajen na Kyuba da Peru ina bayan Malama.

Ɗalibi:
Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in sa baki. Baba Alhaji ya ambaci Ostireliya, shi ya tuna mini abin da muka karanta. A watan Yunin 1855, wata biyu kafin dokar da ake muhawara a kai, yankin Biktoriya da ke ƙarƙashin Ingila ya yi tasa dokar jiragen Sinawa. Ita ma awon jirgi ta yi amfani da shi: Basine ɗaya ga kowane tan 10 na jirgi, kuma kowanne ya biya harajin fam 10 kafin ya sauka. Sai dai ita ba don lafiyar kowa aka yi ta ba, don a hana su zuwa filin zinariya ne. Masu jirgi suka koma sauke mutane a Robe, wani ƙaramin gari a Kudancin Ostireliya inda dokar ba ta kai ba. Mutum wajen 16,000 suka sauka can, akasari a 1857, suka taka fiye da kilomita 400 a ƙasa zuwa Ballarat da Bendigo da kayansu a kafaɗa. Daga baya awon ya yi ta tsananta. Kanada a 1885 ta ce mutum ɗaya ga tan 50 da harajin dala 50. Niyu Zilan a 1896 ta ce mutum ɗaya ga tan 200 da fam 100.

Tambayata ga Yaya Barista: idan daula ɗaya a shekara ɗaya tana auna jirgi don Basine ya isa gonar rake da rai, kuma tana auna jirgi don kada Basine mai 'yancin kansa ya isa filin zinariya, ta yaya za mu raba niyyar farko da ta biyu?

Baban Nusaiba:
Madalla da wannan tambaya, ƙanena. Kuma awon jirgi ba sabon abu ba ne a wurinsu. A 1788 majalisar Ingila ta yi dokar Dolben kan jiragen bayi da ke tashi daga gaɓar Afirka: ta ƙayyade yawan bayi gwargwadon girman jirgi, ta ce a tafi da likita, har ta sa lada ga kyaftin da likita in mace-mace suka yi ƙasa. Babu wanda zai ce wannan ta mai da jirgin bayi jirgin fasinja. Ingila ta soke bauta a 1833, Peru a 1854, masu gonaki suka rasa hannu, sai aka juya gabas. A Kyuba har mutanen ma ba su canza ba: Julian Zulueta, babban mai safarar bayi daga Afirka, yana cikin manyan masu shigo da Sinawa.

Barista:
Ƙanena, amsar ita ce majalisu biyu ne da buƙatu biyu. Ta Biktoriya majalisar Turawan da suka zauna can ce, masu tsoron gasa a filin zinariya, kuma dokarsu wariya ce tsagwaronta, ba ni da abin kare ta. Ta Landan kuwa ta fito ne daga rahotannin Amoy da na jiragen da suka zama maƙabarta. Kasancewar an yi amfani da ma'auni ɗaya bai sa manufar ta zama ɗaya ba.

Baban Nusaiba, misalin Dolben ai ni yake taimaka wa. Masu yaƙi da bauta sun yi amfani da awon da dokar ta kawo suka zana yadda ake jera mutane a jirgi, jama'a suka gani da idonsu, shekara 19 bayan haka aka haramta cinikin. Doka rabi-rabi takan zama matakala.

Haka ta faru a nan. A 1870 mutanen da ke cikin Nouvelle Penelope, jirgin Faransa da ya tashi daga Makau zuwa Peru, suka yi tawaye suka kashe kyaftin. Aka kama ɗaya daga cikinsu, Kwok A-sing, a Hong Kong. Babban alƙali John Smale ya sake shi a 1871, ya ce jirgin na bayi ne, kuma wanda aka kama bauta yana da haƙƙin ƙwatar kansa. Kotun ɗaukaka ƙara ta Landan ba ta yarda da duk hukuncin nasa ba a 1873, amma maganar ta riga ta fita duniya daga bakin alƙalin Ingila. A 1872 jirgin Peru mai suna Maria Luz ya shiga Yokohama gyara. Wani ya faɗa ruwa ya yi iyo zuwa jirgin yaƙin Ingila, Iron Duke, kuma wakilin Ingila ne ya matsa wa Japan ta bincika. Kotun Japan ta saki mutum kusan 230, sarkin Rasha da aka sa ya raba gardama ya ba Japan gaskiya a 1875. Hong Kong ta hana fitar 'yan kwantiragi zuwa ƙasashen da ba na Ingila ba, sannan a 1873 ta hana a shirya jiragen Makau a tasharta. A ƙarshen shekarar Fotugal ta sanar da rufe cinikin, a watan Maris na 1874 ya tsaya. Duk wannan a kan tubalin 1855 aka gina shi.

Kyaftin:
Barista, ki sake duba shekarar da kika faɗa. 1873. Wato shekara 18 bayan dokar, jirgin da ba zai iya lodin mutane a Hong Kong ba yana iya shigowa Hong Kong a sa masa ragar ƙarfe, a gina masa shinge, a cika shi da shinkafa da ruwa, sannan ya tsallaka Makau, tafiyar da ba ta wuce mil 40 ba, ya yi lodi. Maƙera da kafintoci da masu sayar da kayan jirgi na Hong Kong sun ci ribar duk tsawon lokacin.

A watan Mayun 1871 Don Juan ya bar Makau da mutum wajen 650. Jirgin a da sunansa Dolores Ugarte, ya yi ƙaurin suna, sai aka canza masa suna da tuta. Kwana biyu da tashi wuta ta kama. Matuƙa suka sauke kwale-kwale suka tafi, bakin rami na kulle. Kusan 50 ne suka tsira, aka kai su Hong Kong da ƙuna a jiki. A aikinmu abu na farko da ake koya wa yaro shi ne, in wuta ta tashi, hanyar fita ake fara buɗewa. Waɗannan sun san haka sarai.

Malama:
Ina so in ƙara kan maganar wanda ya kawo ƙarshen cinikin, don jerin Barista ya fara da alƙali. Kafin Smale ya yi hukunci sai da Kwok A-sing da 'yan uwansa suka tashi. Kafin wakilin Ingila ya yi magana a Yokohama sai da wani ya jefa kansa teku cikin dare. Tun 1852 mutanen da ke cikin Robert Bowne suka kashe kyaftin bayan ya sa an yanke musu dogon kitsonsu an goge jikinsu da tsintsiya mai kaushi. Jirage da dama aka ƙwace ko aka cinna wa wuta a waɗannan shekaru, shi ya sa ake girke igwar da Kyaftin ya faɗa. A Kanton mutanen gari sun riƙa kashe dillalai da hannunsu, hukuma ta fille kan wasu. Na Peru sun rubuta koke ya bi ta hannun jakadan Amurka ya isa Beijin. Su suka sa cinikin ya yi tsada ya yi abin kunya.

Barista:
Ban musa ko ɗaya ba, Malama. Abin da nake riƙe da shi shi ne, mutumin da ya yi iyo ya sami inda zai dafa, kuma Kwok A-sing ya sami kotun da za ta saurare shi. In babu waɗannan, da jarumtarsu ta ƙare a ƙasan teku kamar ta mutanen Flora Temple.

Baban Nusaiba:
Kotun da ta saurari mutum ɗaya a 1871 tana zaune a garin da ake ƙera ragar ƙarfen har 1873. Ni ina nan kan bakana.

Malama:
Akwai waɗanda ba mu ambata ba, su ne waɗanda rufe Makau ya tarar suna can. Dokar Sifen ta 1860 ta ce Basinen da ya gama shekara 8 ɗinsa a Kyuba, ko dai ya sake sa hannu a sabon kwantiragi, ko ya bar tsibirin da kuɗinsa cikin wata biyu. Mai feso 4 a wata ina zai sami kuɗin jirgi zuwa Sin? Wanda bai sake sa hannu ba sai a kai shi ma'ajiyar gwamnati yana fasa dutse da gyaran hanya ba lada, har ya gaji ya yarda. Tawagar Chen Lanbin ta tarar da mutanen da suka gama wa'adinsu da shekaru suna nan a tsare. Mata kuwa a cikin dubun-dubatar nan ba su kai ɗari ba a ƙidayar farkon shekarun 1860, don haka yawancinsu ba su ga iyalin da suka baro ba, ba su kuma kafa wani da 'yar garinsu ba. Sai a 1877 Sin da Sifen suka ƙulla yarjejeniyar da ta soke tsarin kwantiragin, sai a 1879 aka buɗe ofishin jakadancin Sin a Habana ya fara ba su takardar shaida da za su yi yawo da ita ba a kama su ba. Wanda aka sauke daga jirgin farko, Oquendo, a watan Yunin 1847, in ya rayu, shekara 32 ya jira wannan takarda.